Yajin da zaki yi a turmi yake

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni amarya ce, wata takwas kenan da bikina, muna zaune a gidan su mijina a cikin Kano amma sashenmu daban, kicin ɗinmu daban. Gaskiya ban taso ina girki ba, daga makarantar kwana sai jami'a, a gida kuma akwai masu aiki. Da aka sa rana na dage na koya a waya, yanzu na iya soyayyar shinkafa, samosa, shawarma, kek kala-kala, duk wanda ya ci sai ya yaba. Matsalata tuwo. In na tuƙa sai gudaji, miyar kuka kuma ko ta tsinke ko ta yi ɗaci. Kullum bayan isha'i Hajiyarsa sai ta aiko da tuwo, shi zai ci ya bar nawa a kula, da safe in bayar. Bai taɓa cewa nawa ba daɗi ba amma ai gani ya kori ji. Rannan na ji ƙanwarsa tana cewa "matar Yaya ai sai girkin waya", suka sa dariya. Na biyu, na ga tumatir ya yi sauƙi na sayi rabin kwando na niƙa na sa a firiza, aka ɗauke wuta kwana huɗu duk ya yi tsami na zubar, ya yi min faɗa sosai wai ban san zafin nema ba. Gas ma baya kai mana wata. Wallahi Anti kullum sai na yi kuka. Ƙawata tace in ce masa ya zaɓa, ko abincina ko na Hajiya, in ya ƙi in yi yaji har sai ya kama mana gida. Ina son mijina. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu kinji, share hawayenki. Kafin in ce komai bari in faɗa miki cewa kukan da kike yi ba shagwaɓa bace, duk macen da ta taɓa tsayawa a kan wuta ta gama ta jera kuloli, sannan da safe ta buɗe ta tarar ko cokali ba a sa ba, ta san yadda abin yake sukan zuciya. Ba abincin ne yake ƙona rai ba, jin cewa kamar ke aka ajiye a gefe tare da kular. Na gane wannan sarai.

Amma shawarar ƙawarki kam, ki ajiye ta can nesa. Ki ce wa ɗa ya zaɓa tsakanin tuwon uwarsa da na matarsa? Ko wanne ya zaɓa ke ce a ƙasa. In ya zaɓi na Hajiya kin ji kunya, in ya zaɓi naki kin sayi gabar da zaki shekara ashirin kina biya, kuma duk gidan za a ce amarya ta raba ɗa da uwa a kan miyar kuka. Yaji kuma, to in kin je gida Baba ya tambaye ki me ya faru me zaki ce? Ya dake ki? A'a. Ya hana ki ci? A'a. Tuwo ne yake miki gudaji. Da la'asar za a sa ƙaninki ya rako ki, ki dawo da kunya biyu. Akwai yajin da nake so ki yi, amma shi a turmi ake yinsa, zan zo kansa.

Ni da kike gani tuwona na farko a gidan miji, na tuƙa masara na kwashe, da na ga yadda ya fito sai na ce bari in ba almajiri kafin maigidan ya dawo. Yaron ya karɓa ya buɗe kwano, ya danna malmalar da ɗan yatsa, wani farin gari ya fashe daga ciki, ya ɗago ya kalle ni yace "Anti ko ƙanzon jiya babu?" Har yau in na tuna sai na yi dariya, amma ranar kuka na yi a bayan ƙofa. To kinga ba a kanki aka fara ba.

Mu duba mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Hajiya dai, na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga inda tace miki wata magana ba. Aiko tuwo take yi. Matar nan wataƙila shekara talatin tana zuba wa ɗan nan nata tuwon dare, hannunta ya saba da kwanonsa, ranar da aka kawo ki ba zata tashi kawai ta cire shi daga lissafin malmala ba. Yana iya yiwuwa akwai ɗan kishin uwa a ciki, ba zan rantse miki babu ba, iyaye mata da yawa suna jin wani iri in sun ga ɗansu ya fara ƙoshi a wani wajen. Amma ko da hakan ne, maganin bai canza ba. Ƙanwar miji kuma ai kin san halinsu, tsokanar matar yaya kamar aikinsu ne, kuma ina tabbatar miki wannan mai cewa girkin waya ɗin in kin ajiye samosa ita zata fara kai hannu.

Shi kuma ogan naki yana da laifi, ba zan wanke shi ba. Bai kamata ya bar abincinki ko taɓawa babu kuma yayi shiru ba, ko loma uku ya ci yace sannu da aiki ai ya rage miki zafi. Shirun nan da yake ganin kara yake miki, shi yafi ciwo. Faɗan tumatir ma ya wuce gona da iri tunda ba ke kika ɗauke wutar ba, kuma niyyarki tattali ce. Sai dai ki duba ɓangarensa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 magidanta suke cikin wani hali, komai ya tashi, mutum ya ga rabin kwandon tumatir a bola dole ransa ya sosu. Kuma harshe abu ne mai taurin kai. Wanda aka yaye da tuwon dawa da man shanu, shawarma a wajensa abin marmari ne na yamma, in dare yayi cikinsa tuwo yake nema, ba raini bane.

Saura ke. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kin koyi girkin da yake burge ki, baki koyi wanda ake ci a gidan da zaki zauna ba. Ba laifinki bane gaba ɗaya, bidiyon kek ya fi na talge kyau a waya, babu mai ɗaukar hoton daddawa tana tafasa. Amma matar da ta iya kwaɓa kek ya tashi bai faɗa ba, ta iya naɗe samosa bata fashe a mai ba, wallahi tuwo ba zai gagare ta ba. Abin da ya bambanta su shine kek da awo ake yinsa, kofi kaza cokali kaza, tuwo kuma a hannu ake jinsa, nauyin muciya ne yake gaya miki gari ya isa ko da saura. Shi yasa waya bata iya koyar da shi, sai kin tsaya kusa da wadda ta iya.

Kuma malamar tana tsakar gidanku. Gobe bayan la'asar, lokacin da kika san ana shirin ɗora tukunya, ki sa hijabinki ki shiga sashen Hajiya ki gaishe ta, ki ce "Hajiya ni fa tuwon nan ya gagare ni, na zo a koya min irin naki." Iyakar maganar kenan, kar ki ƙara da bayani ko kare kai. Durƙusa wa wada ba gajiyawa bane. Ba ƙaramin abu bane a wajen dattijuwa ace surukarta 'yar boko ta zo ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana tambayarta yadda ake kaɗa kuka, kin bata girmanta, kin kuma nuna mata ba ƙwace ɗan kika zo yi ba. Ki karɓi tankaɗe, ki karɓi daka, in an zo tuƙi ki ce a baki muciyar ita ta tsaya a kanki. Zata yi miki gyara, wataƙila da ɗan faɗa, ƙanwar nan ma zata yi dariya ranar farko, ki taya ta dariyar. Ki jera sati biyu kina zuwa. Abin da zai faru shine tuwon da ake aikowa sashenku da daddare zai zama da hannunki a ciki, ranar da oga ya cinye yana santi, Hajiya da bakinta zata ce masa ai matarka ce ta tuƙa. Daga nan aikowar zata fara raguwa da kanta ba tare da kowa yace a daina ba.

In kuma Hajiya irin mutanen nan ce da basa son a shigar musu madafi, ko kika ga zuwan yana jawo magana, kar ki matsa. Ki nemi gwaggonki ko wata innarki ki je mata wuni biyu uku da izinin mijinki, ko wata dattijuwa a maƙota. Har masu tuwon sayarwa akwai waɗanda in kin yi musu ɗan alheri zasu bar ki ki tsaya ki gani, kuma su ne gwanayen gaske don kullum sai sun tuƙa babbar tukunya.

Kafin ki je bari in baki satar amsa, don kar ki je hannu rabbana. Gudaji daga wuri uku yake zuwa. Ko ba a tankaɗe garin ba, ko an zuba busasshen gari kai tsaye a tafasasshen ruwa, ko an juye shi da yawa lokaci ɗaya. Ki fara da talge, wato ki dama ɗan gari da ruwan sanyi ya yi kamar koko, in ruwan tukunya ya tafasa ki zuba kina juyawa, sai ki rufe rabi ki bar shi ya yi ta ɓararraka. Nan ne amare suke gaggawa. Talgen masara ko dawa yana son kamar minti 15 zuwa 20, sai kin ji ƙamshin ɗanyen gari ya tafi, in bai dahu ba tuwon zai yi ɗanye kuma kafin safe ya saki ruwa. In ya dahu ki ɗebi kaɗan a kwano ki ajiye, ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa gari kaɗan kaɗan kina tuƙawa kina danne shi a jikin tukunya. In ya yi tauri da yawa wancan talgen da kika ajiye shi zaki mayar ya sassauta, ba ruwan sanyi ba. Ki rufe ya turara minti biyar zuwa goma a ƙaramar wuta, ki sake tuƙawa sannan ki jiƙa mara ki kwashe. Ki fara da gwangwani biyu na gari, in ya lalace asarar kaɗan ce.

Miyar kuka kuma sirrinta ba a kukar yake ba, a ruwan miyar yake. Ki daka daddawa da albasa da attaruhu da 'yar citta da masoro da kanumfari ƙwara biyu uku, ki zuba a ruwa da ƙashi ko busasshen kifi, ki bar su su dahu sosai har warin ɗanyar daddawa ya koma ƙamshi. Wasu gidajen suna surfa wake kaɗan su daka su zuba, yana ƙara mata garɗi da jiki, ki lura ko Hajiya tana yi. Kuka ita ce ƙarshe. Ki rage wuta can ƙasa, hannu ɗaya yana barbaɗa ɗaya yana kaɗawa da maburgi, in ta haɗu ki bata minti kaɗan ki sauke, kar ki rufe ta ki tafi duba waya. Ɗacin da kike ji yawanci ko kukar ta tsufa ce ta yi duhu, ko ta yi yawa, ko ta kama a gindin tukunya. Ki sayi mai kore shar ki tankaɗe ta. Tsinkewa kuma ruwa ne ya fi ƙarfin kukar, ko an sa mata cokali mai ruwa ana ta juyawa bayan an sauke. Sai man shanu, ki soya shi da albasa har ta yi ja ki tace a kwalba, soyayye yana daɗewa ba firij, cokali ɗaya a kan miya yana rufe kurakurai da yawa wallahi.

To ga yajin da nace. Ranar Asabar ki samu busasshen barkono, citta, masoro, kanumfari, kimba kaɗan, busasshiyar tafarnuwa, gishiri da dunƙule, ki shanya su su yi ƙarau ki dake a turmi ki tankaɗe. Ki raba biyu, rabi ki ƙara masa daddawar da kika busar ki sake dakawa, wannan na tuwo ne da ɗanwake, ɗaya rabin ki sa masa garin ƙuli-ƙuli na nama da awara. Ki zuba a kwalabe masu murfi, ki cika ɗaya ki kai wa Hajiya. Haka za ki yi garin kayan miya ma, daddawa da kayan ƙamshi a dake a ajiye, ranar da kika gaji cokali biyu kawai zaki ɗiba. Irin wannan tanadin shi ne abin da iyayenmu suke da shi da ya sa kike ganin kamar girki baya basu wahala, rabin aikin sun gama shi tun ranar da ba a ɗora tukunya ba.

Maganar tumatir. Tunaninki daidai ne, lokacin sanyi zuwa farkon zafi da kayan noman rani suke shigowa daga wajen Kura da Kadawa shi ne lokacin saye, da damina kuma ya yi tsada. Kuskuren shine kin jingina da firiza a garin da wuta bata da alƙawari, kuma kin sa shi ɗanye. Ɗanyen niƙa da zarar ƙanƙararsa ta narke zai fara tsami. Hanya mafi sauƙi wadda bata neman wuta ko ta sisi ita ce kauɗa. Ki yanka kowane tumatir gida biyu ko huɗu, ki baza a kan tabarma mai tsafta ko faranti a sama inda kaji da ƙura basa kaiwa, ki rufa masa yadi mai shara-shara saboda ƙuda, da iskar hunturu cikin 'yan kwanaki zai bushe. Sai ya bushe ƙarau zaki ɗaure, in da sauran danshi zai yi fumfuna. Tattasai da attaruhu da kuɓewa duk haka. In zaki yi miya ki jiƙa a ruwan ɗumi ki wanke ki niƙa da albasa ɗanya. Wanda kika shanya da hannunki ya fi na kasuwa kyau nesa ba kusa ba, don babu yashi kuma baya baƙi.

In kuma kin fi son niƙaƙƙe, ki niƙa tumatir zalla ki tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri. Ki samu kwalabe masu murfin ƙarfe ki tafasa su, ki zuba shi da zafinsa, kwalbar rabin lita ki sa mata babban cokali ɗaya na ruwan lemon tsami, ki bar ɗan fili a sama ki rufe gam. Sai ki shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya ki jera su, ruwa ya sha kansu, su tafasa minti 45. Ki kula da abu ɗaya nan, kar ki sa kanwa, kar ki haɗa da albasa ko tattasai a wanda zaki ajiye. Tsamin tumatir ɗin shi ne yake tsare shi daga ƙwayar cuta, in kin kashe tsamin da kanwa kin buɗe ƙofa. Kanwar sai ranar girki, ita ma ɗan mitsitsi. Duk kwalbar da kika ga murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa ko wari, ki zubar kar ma ki ɗanɗana. Wadda kika buɗe kuma ki ƙarar da ita a kwana ɗaya biyu.

Na cefanen sati kuma akwai dabarar randa cikin randa. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 a kanta, amma abin mamaki yanzu 'yan birni da yawa basu ma san ta ba. Tukunyar ƙasa babba da ƙarama, ki sa ƙaramar a cikin babbar, ki cika tsakaninsu da yashi ki jiƙa shi, ki zuba tumatir da tattasai da ganye a ƙaramar ki rufe da jiƙaƙƙen buhu ko tsumma. Ki ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa, safe da yamma ki ƙara wa yashin ruwa. Yadda ruwan randa yake sanyi haka cikin yake yi, don ruwan da yake tsatsowa ta jikin tukunyar yana bushewa yana tafiya da zafin. Da rani tafi aiki, da damina da iska take da laima ƙarfinta yana raguwa. Ta kayan lambu ce fa, kar ki ce zaki ajiye nama a ciki. Kuma ki tambayi Hajiya inda ake samun tukwane masu kyau, wata hanyar hira ce.

Gas kuma abubuwa ne ƙanana suke shanye shi. Wake ki jiƙa tun dare. Ki rufe tukunya, in abu ya tafasa ki rage wuta don babbar wuta bata sa ya fi saurin dahuwa, ruwa kawai take ƙonarwa. Ki gama yanka da jajjage kafin ki kunna, ba ki kunna sannan ki fara neman wuƙa ba. Miyar dage-dage ki soya wadda zata yi muku kwana biyu a lokaci ɗaya, ki tafasa ta sosai da daddare da kuma safe, ki daina sa mata cokalin da aka ci da shi. Shinkafa in ta tafasa kamar minti biyar ruwan ya kusa tsotsewa, ki sauke da murfinta ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ki sa a kwando, bayan minti 30 zuwa 40 ki buɗe ki ga ikon Allah, ta dahu warara bata kama ba. Amma a ci da zafinta, kar a bar ta a bargon wuni guda. Abubuwa masu cin wuta irin su tuwo, ganda, dahuwar wake mai yawa, ki sayi ɗan kurfoti ki yi da gawayi, tuwon gawayi ma ya fi daɗi. A tsakar gida ko bakin ƙofa zaki hura, kar ki kuskura ki shiga da shi ɗaki ki rufe ko da sanyi ake, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa. Kek ɗinki ma a kan gawayin zai gasu, ki zuba yashi mai tsafta a gindin tsohuwar tukunya ya yi zafi, ki ɗora gwangwanin a kai ki rufe, ki sa 'yan garwashi a kan murfin.

Tunda na ambaci kek, kar ki ji na ce ki koyi tuwo ki ɗauka abin da kika iya ba komai bane. Babban jari ne. Ranar da aka yi suna ko sallah a gidan nan, ki ce Hajiya a bar min cincin da kek, ki ja ƙanwar nan taki ki ce zo ki taya ni murza fulawa. Wadda ta tsaya tana koyon naɗin samosa a kicin ɗinki bakinta zai mutu da kansa. Kuma nan gaba in abubuwa sun daidaita, da yardar mijinki, wannan hannun naki zai iya kawo miki kuɗin kanki, mata nawa ne a Kano suke riƙe da kansu da kayan fulawa daga cikin gida.

Shi kuma oga sai kun zauna, amma ba ranar da ya bar abinci ba, ba kuma kina kuka ba. Ki bari ranar da ya ci ya ƙoshi yana cikin nishaɗi, ki ce masa kin san tuwonki bai kai na Hajiya ba kuma kin fara koya, abin da kike roƙo shine ko yaya ne ya riƙa taɓa naki ya gaya miki abin da ya rage, don in ya bar shi a rufe zuciyarki tana karyewa. Kar ki sako sunan Hajiya da ƙorafi ko sau ɗaya. Maza da yawa basu san abin yana ciwo haka ba sai an faɗa musu a fili. Kafin hannunki ya faɗa, ki daina yin tuwon dare mai yawa kina asara, tunda kin san za a aiko, ki mayar da ƙarfinki kan karin kumallo da abincin rana inda babu mai yin takara da ke. Sannan ki kawo masa lissafi a rubuce, ga abin da ake kashewa a kayan miya duk sati, ga abin da za a rage in an sayi kwando an shanya. In ya ga takarda zai gane cewa waccan asarar ba sakaci bace, dabara ce da ta zo da tsautsayi, kuma ki bashi haƙuri a kanta sau ɗaya ki wuce wajen.

Maganar kama gida ki jingine ta tukuna. Kina da sashenki da kicin ɗinki, kuma in kin tayar da ita yanzu kowa zai fassara ta da gudun Hajiya. In kuwa kin yi duk wannan wata biyu uku, abin ya wuce barin abinci ya koma gori da wulaƙanci a gaban mutane, ko ya zama kullum cikin zagi kike, wannan wata magana ce daban, ba a haɗiye ta. Nan sai ki samu babba guda ɗaya mai hankali a danginki ko nasa wanda yake jin nauyinsa, a zauna a yi magana. Ba ƙawa ba, ba kuma guruf ɗin WhatsApp ba.

Ki sayi muciya mai ɗan nauyi da maburgi da mara in babu a kayan garanki, don na san amaren yanzu blenda uku ake kai musu babu muciya ko ɗaya. Bayan wata guda ki rubuto min, ina so in ji me Hajiya tace ranar da kika fara karɓar tuƙin. Allah ya zaunar da ku lafiya.